RA'AYINMU: Sabbin Gidajen Gwamnati, Tun Ran Gini Tun Ran Zane



Babu wani dattijon ekklesiya a Sabon Gari ko Fagge da bai taɓa zama a kan maganar kuɗin haya ba. Yau gwauruwa ce mai gida ya ba ta wa'adin wata uku, gobe magidanci ne aka ninka masa kuɗin ciki da falo, jibi kuma saurayi ne ya ɗage ranar aurensa domin bai sami ɗakin da zai sa amarya ba. Dalilin kuwa a fili yake. Kantin Kwari da kasuwar Singa da kasuwar Sabon Gari suna ta faɗaɗa, suna cinye gidajen da ke kewaye da su. Gidan da a da iyalai goma ke zaune a ciki, yanzu ya zama sito na diloli, ko shaguna, ko masaukin baƙi, domin mai gida ya gano cewa dilar atamfa ta fi ɗan haya biya, ba ta kuma ƙorafin ruwa ko wuta. Saboda haka mutanenmu suka watsu zuwa Badawa da Birget da Dakata da Jaba da sauran unguwannin gefen gari, wasu kuma suka ƙuntata, mutum takwas a ɗaki ɗaya.

A cikin wannan hali ne Gwamnatin Tarayya ta fito da shirin gidaje na Sabunta Fata, wanda Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya ƙaddamar a Karsana, Abuja, cikin Fabrairun 2024. Kano na cikin wuraren da aka zaɓa. A wannan shekarar ce ministan gidaje, Ahmed Musa Dangiwa, ya aza harsashin rukunin Kano a ƙaramar hukumar Tofa, ta hanyar Gwarzo, aka fara da gida 500, aka kuma ce za a kai 2,000. A watan Oktoban 2024 kuma aka naɗa Yusuf Abdullahi Ata, wanda ya taɓa wakiltar Fagge a Majalisar Dokokin Jiha har ya zama kakakinta, ƙaramin minista a wannan ma'aikata. Tun daga lokacin 'yan'uwa da dama suke tambayar dattawa ko su nemi waɗannan gidaje, wasu ƙungiyoyin gama-kai na ekklesiyoyi ma suna tunanin zuba kuɗin da suka tara.

Wannan mujalla tana maraba da duk gwamnatin da ta ɗora bulo a kan bulo domin talaka ya sami wurin kwana. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kafin kowa ya sayar da gonar gado ko ya kwashe kuɗin sallamarsa, wajibi ne mu dubi abubuwa biyu: yadda aka zana gidan kansa, da yadda unguwar za ta zauna da mutanenta da maƙwabtanta.

Abin da Kano ta riga ta gani

Ba yau aka fara gina gidajen jama'a a wannan gari ba. Kundila da Gwammaja sun zauna, sun zama gari, domin suna kusa da inda mutane ke neman abinci. A zamanin Shugaba Shehu Shagari, tsakanin 1979 da 1983, an tsara gina gida 2,000 a kowace jiha duk shekara. Ba a kai ko kusa da wannan adadi ba, kuma a jihohi da yawa an kai gidajen can bayan gari, da zane iri ɗaya tun daga Legas har Sakkwato, kamar dai rana ɗaya ce ke dukan Fatakwal da Kano. Wasunsu sun yi shekaru ba kowa a ciki.

Na kusa-kusan nan su ne biranen Kwankwasiyya da Amana da ke hanyar Zariya, da Bandirawo da ke hanyar Katsina, waɗanda aka gina a zangon mulki na biyu na Gwamna Rabi'u Musa Kwankwaso, tsakanin 2011 da 2015. Gidaje ne masu kyan gani, da tituna shimfiɗaɗɗu. Duk da haka da yawa daga cikinsu suka daɗe a rufe, har a 2025 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ba masu su wa'adi, ko su shiga, ko su ba da haya, ko a karɓe. Gari yana kukan rashin gida, ga kuma gidaje a kulle. Darasin shi ne, idan kuɗin gida ya fi ƙarfin mai bukatarsa, mai neman inda zai ajiye dukiya ne zai saya, shi kuwa ba ya bukatar wurin kwana.

Ta ɗaya gefen kuma, mun ga abin da gini ba bisa tsari yake jawowa a tsakiyar gari. A watan Agustan 2022 ruwa ya shiga Kantin Kwari ya lalata kaya na miliyoyin Naira, 'yan kasuwa kuma suka ɗora laifin a kan shagunan da aka gina a kan hanyoyin ruwa da filayen da a da suke a buɗe. A ƙarshen wannan watan wani bene da ake kan ginawa ya rufta a kasuwar waya ta titin Beirut. Daga Yunin 2023 kuma aka shiga rusau, aka rushe gine-gine a Filin Idi da tsohon otal ɗin Daula da wasu wurare, alhali masu su suna riƙe da takardun da suka ce gwamnatin da ta gabata ce ta ba su. Ba mu kawo wannan domin mu goyi bayan wata jam'iyya ba. Mun kawo ne domin ɗan'uwa ya san cewa takarda ma sai an bincike ta, fili ma sai an tambayi tarihinsa. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta sa ƙasar jiha a hannun gwamna, gwamnoni kuwa suna sauyawa.

Tambayar farko, kuɗin

A 2024 ma'aikatar gidaje ta bayyana cewa gida mai ɗakin kwana ɗaya da aka gina da kuɗin kasafi zai kama tsakanin Naira miliyan 8 zuwa 9, wanda kuma aka gina da haɗin gwiwar 'yan kasuwa zai kai wajen Naira miliyan 22. Mu ɗauki mafi araha. Asusun Gidaje na Ƙasa, wanda aka kafa a 1992, yana karɓar kashi 2.5 cikin ɗari na albashin ma'aikaci, Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya kuma yana ba da rance daga ciki a kan ruwan kashi 6 cikin ɗari, a biya har cikin shekara 30. Ko da an ba mutum rancen miliyan 8 ɗin gaba ɗaya a kan waɗannan sharuɗɗa, zai riƙa biyan kusan Naira 48,000 kowane wata. Mafi ƙarancin albashin da Jihar Kano ta sanar a 2024 kuwa Naira 71,000 ne. Ke nan kashi biyu cikin uku na albashin ya tafi, ba a sayi kwanon masara ba, ba a biya kuɗin makaranta ba, ba a fitar da zakkar Ubangiji ba.

Sa'an nan mu tuna cewa yawancin masu cika majami'unmu ranar Lahadi ba masu albashi ba ne. Teloli ne, da makanikai, da masu gadi, da masu sayar da abinci, da yaran shago, da malaman makarantu masu zaman kansu. Ubangijinmu da kansa, a Luka sura 14, ya yi misali da mai niyyar gina hasumiya wanda ya kamata ya zauna ya yi lissafi tukuna. Kada dattijo ya ƙarfafa wa ɗan'uwa gwiwa ya shiga bashin shekara 30 sai sun zauna tare da biro da takarda.

Tambaya ta biyu, nisan

Wanda abincinsa yake Kantin Kwari ko titin Faransa, in ya koma hanyar Gwarzo, can gaba da sabon mazaunin Jami'ar Bayero, sai ya ratsa gari kullum safe da yamma. An hana acaɓa a cikin birnin Kano tun Janairun 2013, an janye tallafin man fetur a Mayun 2023, kuɗin A Daidaita Sahu kuma kowa ya san inda ya kai. A lissafa kuɗin motar maigida da na uwargida da na yara 'yan makaranta, a haɗa da na zuwa sujada da addu'ar tsakiyar mako. Mai yiwuwa abin da aka tsira da shi daga hannun mai gidan haya, direba ne zai karɓe. Unguwar da aka gina wa talaka ba tare da motocin haya masu tsayayyen lokaci ba, da kasuwa, da makarantar firamare, da ɗakin shan magani, rabin aiki aka yi. Waɗannan kuwa sai an ware musu fili tun a kan takarda, domin in aka gama rabon filaye ba za a sake samunsu ba.

Tambaya ta uku, gidan kansa

Ma'aikatar ta ce an zana ƙananan gidajen shirin yadda mai gida zai iya ƙara ɗaki idan hali ya samu. Wannan tunani ne mai kyau, muna yaba shi, domin haka talaka yake gini tun fil azal, ɗaki bayan ɗaki. Amma a je a gani da ido. Filin da aka bari a baya zai ɗauki ɗakin da ake faɗa? Harsashin zai ɗauka? Izinin ƙarin yana cikin takardar saye, ko sai an sake bin ofisoshi?

Gidan Kirista a Kano ba na mata da miji da 'ya'ya biyu ba ne kawai. Akwai ƙanen maigida da ya zo koyon sana'a, akwai 'yar ƙanwar uwargida da ke karatu, akwai tsohuwa da aka kawo daga ƙauye domin ganin likitan ido, akwai marayun da rikici ya bar mana. Gida mai ɗaki ɗaya ba zai raba samari da 'yan mata wurin kwana ba, wannan kuwa magana ce ta tarbiyya, ba ta jin daɗi kaɗai ba.

Sai kuma zafi. A watan Afrilu zafin Kano yakan wuce digiri 40, wutar lantarki kuma ba abin dogaro ba ce. Kakanninmu da maƙwabtanmu na cikin birni sun san maganin wannan tun kafin a ƙirƙiro fanka: bango mai kauri, rufi mai tsawo, tsakar gida inda ake girki da wanki da shan iska da dare, da zaure inda baƙo zai tsaya ba tare da ya ratsa iyali ba. Ba muna cewa a koma ginin ƙasa ba ne. Muna cewa gidan bulo mai gajeren rufin kwano, ba silin kirki, da taga ɗaya mai fuskantar yamma, tanda ce. A duba ko tagogi suna fuskantar juna yadda iska za ta ratsa. A duba ko akwai baranda. A duba ko an bar wurin dasa darbejiya a ƙofar gida. A duba inda mace za ta hura gawayi ran da gas ya ƙare, da inda za ta shanya kaya ba a idon masu wucewa ba. Wannan sutura bukatar uwargidan fasto ce kamar yadda take bukatar matar liman, a nan bakinmu ɗaya da maƙwabtanmu Musulmi.

A tambayi ruwa kuma: na famfo ne ko rijiyar burtsatse, wa zai gyara in injin ya lalace, nawa kowane gida zai riƙa biya? A tambayi inda ruwan sama zai bi. Wanda ya zauna kusa da Jakara ya san abin da lambatu yake yi a watan Agusta. Lokacin da ya fi dacewa a je duba gida shi ne washegarin ruwa mai ƙarfi, ba ranar bikin buɗewa ba. Littafi Mai Tsarki bai ɗauki irin waɗannan abubuwa da wasa ba. A Kubawar Shari'a sura 22 an umarci mai gina sabon gida ya yi wa rufinsa rawani domin kada wani ya faɗo, alhakin jini ya hau kan gidan. Tsaron rai a cikin gini umarni ne tun zamanin Musa.

Tambaya ta huɗu, wurin sujada da zaman tare

Wannan ita ce wadda mutanenmu suka fi yi a ɓoye, gara mu yi ta a sarari. An kafa Sabon Gari ne wajen 1913, bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, domin baƙin da Turawa ba su so su zauna cikin birni. Ba mu muka zana wannan iyaka ba, amma abubuwan da suka faru a 1953 da 1966 da 1991 da 2004 sun sa da yawa daga cikinmu suka ɗauki unguwar a matsayin mafaka. Ɗan'uwan da ya gwammace ya biya haya mai tsada a ɗaki ɗaya a Sabon Gari a kan gida mai faɗi a gefen gari, kada a ce masa matsoraci ne, abin da idonsa ya gani ne. Sai dai kuma bama-baman da suka tashi a tashar New Road a Maris 2013 sun nuna cewa taruwa wuri ɗaya ma ba garkuwa ba ce.

Saboda haka wannan mujalla ba ta goyon bayan a nemi gwamnati ta ware wa Kiristoci ɓangarensu daban a sabbin unguwanni. Yin haka sake gina katangar da Turawa suka bari ne, yaranmu da na maƙwabta su tashi ba su san juna ba, wanda ba ka sani ba kuwa shi ake saurin gaya maka ƙarya a kansa. Haka kuma ba mu ba da shawarar iyali ɗaya ya tafi shi kaɗai inda ba shi da kowa. Hanyar da muke gani ita ce iyalai su nema tare, goma ko ashirin, ta hannun ƙungiyar gama-kai, su zauna a cakuɗe da sauran jama'a amma kusa da juna yadda za a iya yin addu'ar gida-gida, a kuma kai wa mara lafiya ɗauki da dare.

Abin da muke roƙo shi ne a nuna filin masallaci da filin majami'a a kan taswirar unguwa tun kafin a sayar da gida ko ɗaya, kowanne da takardarsa, da tazara mai ma'ana a tsakani. Dattawanmu suna tune da Oktoban 1982, lokacin da gardama a kan sake ginin wata majami'ar Angilikan a Fagge, kusa da masallaci, ta zama tarzoma har aka ƙone majami'u. Idan ba a ware fili ba, masu bi za su fara taruwa a falon wani, falon ya zama rumfa, maƙwabta su ce ba a yi da su ba, hukuma ta ce ba izini, daga nan sai abin da Allah ya kiyaye. Wanda ya sayi gida yana sane da abin da ke kusa da shi ba ya da hujjar ƙorafi daga baya. Haka ma maganar makabarta, a yi ta tun ana raye.

Mu ma akwai namu. Ba daidai ba ne mu nemi a bi tsari a kanmu alhali wasu majami'unmu sun toshe lambatu, sun cinye hanyar wucewa, ko suna kwana da lasifika a kan maƙwabcin da zai tashi aiki da asuba. Ekklesiyoyi biyar ba za su sami fili biyar a unguwa ɗaya ba. In an ba da ɗaya, a shirya yadda ECWA da COCIN da HEKAN da EYN da Baptist da sauransu za su raba lokaci, ko su gina tare. In muka kasa haɗa kanmu a kan fili ɗaya, kada mu ga laifin hukuma. Kuma mutanen ƙauyukan Tofa da aka gina unguwar a kan gonakinsu su ne masu masauki. Wanda ya tare, ya fara da gaida mai unguwa da dagaci, ya sayi kayan miya a hannun mutanen wurin, ya je musu gaisuwar mutuwa da barkar suna. Annabi Irmiya, a sura 29, ya shawarci waɗanda aka kai Babila su gina gidaje, su yi shuka, su nemi alherin garin da suke ciki, domin lafiyarsu tana ɗaure da tasa. Mu kuwa da yawanmu a nan aka yanke mana cibiya, wasunmu ma 'yan asalin Rogo ne da Sumaila da Tudun Wada da Doguwa, nauyin ya fi hawa kanmu.

Abin da muke kira a yi

Na ɗaya, kowace majalisar dattawa ta kafa ƙaramin kwamitin gidaje. A cikin kujerunmu akwai magina da injiniyoyi da masu safiyo da lauyoyi da ma'aikatan banki, a nemi su ba da wannan baiwa kyauta kamar yadda mawaƙa ke ba da tasu. A sa mata a ciki, domin su ne suka san aibin gida tun ranar farko.

Na biyu, kwamitocin su je wurin da kansu, su ga taswirar da aka amince da ita, su auna ɗakuna, su hau motar haya daga can zuwa Kantin Kwari da safe su rubuta kuɗin da lokacin, su kawo wa jama'a rahoto a rubuce.

Na uku, reshen CAN na Jihar Kano ya haɗa waɗannan rahotanni ya kai takarda ɗaya ga ma'aikatar gidaje ta tarayya, da ta jiha, da hukumar tsara birane ta KNUPDA, cikin ladabi da hujja. Maganar ruwa da mota da makaranta da magudana ta shafi kowa, saboda haka a nemi limamai da shugabannin 'yan kasuwa su sa hannu tare da mu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Na huɗu, kada kowa ya ba dillali ko kwabo, ko da ɗan'uwa ne a majami'a, ko da ya zo da sunan wani babba. A biya ta hanyar da hukuma ta sanar, a karɓi rasit, a nuna wa lauya takarda kafin a sa hannu. Ma'ajin ƙungiyar gama-kai kuma kada ya taɓa kuɗin jama'a sai babban taro ya amince.

Na biyar, kada sabbin gidaje su mantar da mu tsofaffin. Yawancin mutanenmu za su ci gaba da zama a Sabon Gari da Fagge, a gidajen haya masu ban-ɗaki ɗaya ga ɗakuna goma. Masu gidaje da ke cikinmu su ji tsoron Allah wajen ƙarin haya da korar gwauraye. Ekklesiyoyin da ke da fili ko tsohon gini kuma su yi tunani, kafin su mai da shi shaguna, ko ba zai fi kyau a yi ɗakunan haya masu sauƙi ga fastoci masu ritaya da sabbin ma'aurata ba.

Ana gyara zane da fensir, amma bango sai da guduma. A karanta wannan a taron dattawa na wannan wata, a kuma aiko mana da abin da aka yanke domin mu buga a fitowa ta gaba.

Ubangiji ya ba shugabanninmu hikima, ya ba kowane iyali inuwar da zai kwana, ya zaunar da Kano lafiya. Amin.